Yadda Za Ka Gaji Alƙalamin Babanka Cikin Mako Uku

Ka shekara shida a unguwa, amma har yau in an zo kwatancenka sai a ce "mutumin nan na shagon kwafi, mai tabarau"? Ana haihuwa a benen da ke kallon naka, sai bayan kwana huɗu ka ji labari a bakin mai kwasar shara? To kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace. Matakan nan tara ni na taka su da ƙafata, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina ba ka tabbacin cewa cikin mako uku babu babba babu yaro a unguwarku da ba zai san ka ba. Ban ce ga irin sanin da za a yi maka ba. Na dai ce za a san ka.

Mataki na ɗaya: Je taron kwamiti da niyyar shan shayi

Da farko nemi unguwa irin tamu, wadda kowa daga wani wuri ya zo. A benen da nake haya, daga ƙasa zuwa hawa na huɗu, da yare biyar ake yi wa yara faɗa. Ranar Juma'a mu haɗa kafaɗa a sahu ɗaya, ana sallamewa kowa ya nemi takalminsa da mutanensa. Abin da ya dami wata tsohuwar shugabar makarantar firamare ke nan, wadda duk muke kira Hajiya Shugaba, har ta kafa kwamiti. Ta ce a ware yini guda a zauren makarantar unguwa, kowace al'umma ta kawo abin da hannunta ya iya na fasahar Musulunci, a kalla, a ci abinci tare, a san juna.

Ni an kira ni ne don in buga takardun gayyata. Riƙe wannan da kyau: kada ka karɓi aikinka ka tafi. Zauna. Karɓi shayi.

Tela ya ce mutanensu za su kawo aikin allura. Kafinta ya ce zai sassaƙa taga mai huji-huji irin ta masallatan garinsu. Matar mai burodi ta ce 'yan matan gidansu za su rera yabo da yarensu. Wani dattijo mai shimfiɗa tayil, wanda muke ce wa Baba Mai Tayil, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, ya zaro takarda ya nuna tauraro mai kai takwas da zai jera a ƙasan zauren. Hajiya tana ta rubutawa. Da ta zo kaina ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai fa, Mai Kwafi? Takardun ne kawai?"

Wannan "kawai" ɗin ita ce jarinka. Bar ta ta ratsa ka sosai.

Mataki na biyu: Kada ka ce ka iya, ce ka gada

Wanda ya ce ya iya, sai a ce ya gwada. Wanda ya ce ya gada, sai a yi wa iyayensa addu'a. Don haka ajiye kofin shayi a hankali, dubi ƙasa, ka ce abin da na ce:

"Mu ai gidanmu alƙalami muka gada."

Ƙarya mai inganci tana buƙatar rabin gaskiya, ni kuwa ina da shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubuci ne na gaske. Yana rubuta littafi da hannu, ya zayyane gefen shafi da jan tawada da rawaya, mutane su taso daga nesa su jira shi wata uku. Ɗaya rabin shi ne ni. Ina ɗan shekara sha ɗaya na gano cewa tagar ɗakin karatunsa tana buɗewa ta filin ƙwallo, daga nan ban ƙara zama na minti goma ba. Yau ko rubutun boko na yi, in na ba matata jerin cefane, sai ta kira ni daga kasuwa ta tambaya albasa na rubuta ko almakashi.

Kafinta ya ce masha Allah. Hajiya ta juya sabon shafi.

"To alhamdulillahi, an rufa mana asiri. Za ka rubuta mana babban allon ƙofar shiga da Larabci, kalma ɗaya, Ta'aruf, wato sanin juna. Sannan mu ba ka tebur, duk wanda ya zo ka rubuta masa sunansa a gabansa ya tafi da shi."

A nan mutum mai hankali zai yi tari ya ce a ba shi lokaci. Kai ba shi ba ne. Ka ce, "Ba komai, Hajiya, ƙaramin aiki ne."

Mataki na uku: Tara kayan aiki, ba sai ka san amfaninsu ba

Akwai akwatin katako na Baba a saman kabad ɗina, ƙarƙashin jakar tafiya. Lokacin da ya rasu, shekara sha ɗaya ke nan, ni na ɗauke shi don ni ne kaɗai ɗa namiji, ban kuma tambayi kowa ba. Na sauko da shi na hure ƙura. A ciki akwai alƙaluman kara guda tara, da 'yar wuƙar fiƙe su, da kwalaben tawada da suka bushe suka tsage, da shafuka kamar ashirin.

Zaɓi shafin da ya fi kyau, sa shi a firam, rataye shi a shago daidai saitin idon mai shigowa. Sannan dangwala yatsanka na tsakiya a tawadar hatimi kowace safiya. In ana magana da kai, riƙa murza yatsan kamar abin ya dame ka.

Cikin kwana uku za ka ga canji. Mai burodi ya fara ce mini Malam. Wata mata ta kawo takardar haya a yi mata kwafi, ta tsaya gaban firam ɗin ta yi minti biyar, ta fita ta manta takardar. Mutumin hawa na uku, wanda shekara shida muna haɗuwa a matakala yana ɗaga mini gira, ya ba ni hannu biyu ya tambayi lafiyar yara, kowa da sunansa. Ban san ya san sunayensu ba.

Ji daɗin wannan makon sosai. Shi ne mafi daɗi a cikin ukun.

Mataki na huɗu: Shawo kan matarka

Wannan matakin ni ban ci shi ba, amma dole in saka shi don jerin ya cika.

Matata nas ce, shekara sha huɗu tana karanta rubutun likitoci, kuma ta ce nawa ya fi ba ta wahala. Ta dawo daga aiki da la'asar ta tarar da ni a falo ina juya alƙalamin kara ina neman inda ne bakin.

"Abban yara, me nake ji a bakin matar mai burodi?"

"Me kika ji?"

"Wai kai ne za ka rubuta wa unguwa sunayensu."

"Abin a jini yake. Tashinsa kawai za a yi."

Ta cire takalmi, ta ajiye jaka, ta zauna a hannun kujera. "Ni nake ɗibar jinin mutane kullum. Ban taɓa ganin alif a ciki ba."

Kada ka yi musu. Yi fuskar wanda ba a fahimta a gidansa, ka ce manyan masu fasaha duk haka suka yi fama. Za ta miƙe ta shiga kicin. Daga can za ka ji tana dariya ita kaɗai, har da buga cokali a tukunya. Ɗauka tana waya ne.

Mataki na biyar: Koma ga injin da ya san ka

Kai mai shagon kwafi ne, kada ka raina sana'arka. Da rana tsaka kulle ƙofa, rataya kwalin "Ina zuwa". Buga kalmar a kwamfuta da manyan baƙaƙe, fitar da ita a firinta, manna a gilashin taga, ɗora farar takarda a kai, bi layin da fensir. Sannan cike da tawada.

Sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa ayar Alƙur'ani. Ko maƙaryaci yana da iyaka, kuma akwai kotun da ba a shiga da kwafi.

Na ɓata kwali sha bakwai. Na sha takwas ya fito tsaf, ko ni da na yi shi sai da na ja baya na ce masha Allah. Na jingine shi a bango kusa da firam ɗin Baba don ya bushe. Wannan jinginewar kuskure ce, amma kai ma ka yi ta, in ba haka ba ba za ka isa mataki na gaba ba.

Mataki na shida: Guji tsofaffi masu shiru

Masu surutu ba su da haɗari, su kansu kawai suke saurare. Ji tsoron wanda zai tsaya ya duba.

Baba Mai Tayil ya shigo da takardar tauraronsa a ƙara masa girmanta. Ina ciyar da inji takarda, shi kuwa ya tsaya tsakanin firam ɗin da kwalina, hannu a baya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan, babanka?"

"Shi ne, Baba."

"Wannan, kai?"

"Ni ne. Ɗan gwaji ne dai."

Ya ɗora yatsa mai kaushin siminti a kan wani baƙi a shafin firam. "Fa. Ɗigo a ƙasa." Ya koma ƙarshen kalmata. "Fa. Ɗigo a sama. Babanka ƙasa, kai sama. Wa ya koya maka?"

Shekara arba'in da biyu ina duniya ban taɓa lura da inda mahaifina yake ajiye ɗigonsa ba. Kwamfuta kuwa a sama take sawa, ba ta shawarci kowa ba.

In ka shiga irin wannan hali, akwai kalma ɗaya da ke fitar da mutum daga kowane rami. Na ce, "Zamani ne, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Har yau ban san ko ya yarda ba. Ya koma ga firam ɗin ya daɗe.

"A garinmu, sama. Ban taɓa ganin ƙasa ba. Yana da kyau." Sannan ya ce, "Matata ta rasu bara. Sunanta, akwai harafin fa a ciki. Ranar, ni ne farko a layi. Ka rubuta mini irin na babanka, ba zamani ba."

Ya karɓi takardarsa ya naɗe, ya yi mini sallama. Injin ya ci gaba da fitar da tauraro har guda talatin, don na manta ban danna tsayawa ba.

Mataki na bakwai: Kira wadda ba ka kira ba tun bara

Kowane gida yana da mutum ɗaya da ya san gaskiyarka tun kana yawo ba wando. Tawa ita ce Yaya, wadda ta ba ni shekara bakwai, tana dafa wa ɗalibai ɗari huɗu abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata, tafiyar awa biyar daga nan. Tun tana 'yar shekara tara ita ke dama wa Baba tawada, ta fiƙe alƙalami, ta ja masa layi. Ba mu yi faɗa ba. Kawai dai tun ranar da na fita da akwatin nan gaisuwarmu ta gajarce, har ta koma saƙon barka da salla.

Ta ɗauka a bugu na biyu. "Auta? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Gaisuwa ce."

"To na amsa. Faɗi abin da ya kawo ka, ina da tukunya a wuta."

Na faɗa mata, amma da gyara. Na ce aikin ne ya yi mini yawa, ina neman mai taimako. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Akwatin yana nan?"

"Yana nan."

"Zan nemi hutu. Ka tare ni a tasha ranar Laraba."

Daga tasha ta ce in fara kai ta shagon. Ta dubi kwalina na sha takwas ta kau da kai, wanda da ta zage ni ya fi sauƙi. Sannan idonta ya kai kan firam.

"Wa ya ce maka wannan na Baba ne?"

"A akwatinsa na samu."

"Nawa ne. Shekarar da idonsa ya fara rauni. Shekara shida na ƙarshe duk ni na yi, shi yana zaune a gefe yana ce mini in rage gudu. Masu littafi su zo su karɓa su yi masa godiya." Ta gyara mayafi. "Kai lokacin kana makarantar koyon kwamfuta. Mu je gida, ƙafata ta kumbura."

Washegari da hantsi ta share teburin cin abincinmu, ta jiƙa ƙaro, ta dama tawada sabuwa, ta fiƙe alƙalami biyu. Babu fensir, babu gilashi. Ta ja numfashi ta ɗora hannu, cikin minti ashirin kalmar ta zauna a kan kwali kamar can aka haife ta, ɗigon fa a ƙasa. Matata tana tsaye da tawul a kafaɗa, ta makara zuwa aiki ba ta sani ba.

Yanzu ga ainihin darasin wannan mataki. Bayan duk abin da ka ji a shago, share maƙogwaro ka ce, "Yaya, in an tambaya, ai ba sai an shiga dogon bayani ba. Aikin gidanmu ne dai."

Ta wanke alƙalaman, ta jera su a akwatin, ta ɗauke shi ta kai ɗakin da muka sauke ta.

"Na saba, Auta," in ji ta.

Mataki na takwas: Ji ciwo

Allo ya samu, saura teburin sunaye. Ba yadda za ka ɓoye Yaya a ƙarƙashin tebur, don haka hannunka na dama dole ya yi hatsari.

Na kai wa matata bandeji da safiyar ranar. Ta ce ita ba ta ɗaure hannu mai lafiya, lasisinta take tsoro. Na shiga banɗaki na naɗa da hagu. Ya fito kamar kan kabeji. Labarin da na shirya shi ne wuƙar yankan takarda. Maimaita naka labarin sau uku a gaban madubi, kuma ka tuna wane hannu ne, don ni da shi na buɗe ƙofar mota a gaban tela.

Mataki na tara: Ranar

Zauren ya cika tun ƙarfe goma. Tauraron Baba Mai Tayil yana tsakiyar ƙasa, yara suna zagaya shi ba mai takawa. Rana ta biyo ta hujin tagar kafinta ta zuba zane a bango. Ƙamshin tukwane bakwai na gidaje bakwai ya haɗu ya zama wani abu da ba na kowa ba.

Amma cunkoson yana bakin ƙofa, ƙarƙashin allon. Wani direban tasi ya ce ɗigon ya faɗo ne, a nemo tsani a mayar da shi. Wata tsohuwa daga hawa na biyu ta ce ba abin da ya faɗo, haka kakanta yake rubutawa, ta fara share hawaye da bakin mayafi. Mutanen da shekara da shekaru ba su wuce "ina kwana" ba suka tsaya suna gardama da yare uku da hannuwa. Duk wanda ya gaji sai ya juyo ya taya ni murna, ya jajanta mini hannu. Na karɓi duka biyun. Yaya tana can layin baya cikin mata, jaka a cinya, tana kallon taga.

Hajiya Shugaba ta kira ni gaba, ta miƙa mini abin magana in ba da haƙuri a kan teburin sunaye. Na riga na haddace jawabin: ƙaddara, wuƙa, badi in Allah ya kai mu. Sai na ga Baba Mai Tayil. Ya riga ya tsaya gaban teburin da ba kowa a kai, cikin farar riga mai karin guga, riƙe da 'yar takarda da ya rubuta sunan a kai don kada a yi kuskure. Bayansa mutum kusan arba'in.

Shawarata ta ƙwararre ita ce kada ka dube shi. Ni na duba.

Na ce, "Jama'a, hannuna lafiya lau yake." Lasifikar ta yi ƙara, na jira ta gama. "Ban iya rubutu ba. Ban taɓa iyawa ba. Allon nan yayata ce ta rubuta, ga ta can. Shafin da ke shagona ma nata ne. Ita ta gaji Baba, ni akwati kawai na ɗauka."

Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Na yi zaton salati, ko tsaki, ko a ce in fita. Na ma shirya yadda zan sunkuyar da kai. Hajiya ta karɓe abin maganar daga hannuna ta dubi agogo.

"To ka matsa ka ba ta kujera mana, layi ya yi tsawo."

Shi ke nan. Babban tonon asirin rayuwata bai ci minti ɗaya a jadawalin Hajiya ba.

Yaya ba ta tashi nan take ba. Sai da matata ta je ta kama hannunta, matar mai burodi ta kama ɗayan. Da ta zauna ta buɗe jaka, ashe alƙaluman da tawadar suna ciki tun daga gida. Ta karɓi takardar Baba Mai Tayil ta karanta, ta tambaye shi yadda ake furta sunan a garinsu, ya faɗa, ta maimaita har sau biyu. Sannan ta rubuta. Ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana kallon sunan. Layi bai yi ƙorafi ba.

Can ya ce, "'Yata tana can gida. Ɗaya kuma, don ita. Irin namu, ɗigo a sama."

"Ban taɓa yin irin naku ba, Baba. Nuna mini."

Ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya zana mata a kan tebur. Ta ce wutsiyar ta cika tsawo. Ya ce haka take. Suka ja kaɗan, ta yi yadda ya ce, ta kuma yarda ya fi kyau a haka.

Ni kuma aka ba ni kwali in riƙa fifita tawada ta bushe. Awa shida ina fifita. Bandejin ya warware ya shiga kofin shayin wani, na ba da haƙuri. Da yamma na kwaso injin leda daga shago na rufe wa kowa takardarsa, mutum ɗari da sittin da uku, kuma a nan ba wanda ya isa ya gyara mini aiki. Tela ya zo wucewa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanin Malama, sannu da ƙoƙari." Kafin magariba sunan ya zagaye zauren.

Sanarwa ta wanke kai

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka in ka bi ta. Ba ruwansa in matarka ta ba abokan aikinta labarin bandeji har aka fara gaishe ka da "ya hannu" a asibiti. Ba ruwansa in mutanen unguwa suka gano kana da mota da bayan da ke ɗaukar kujeru, suka daina yin kowane taro ba da kai ba, har da na mutanen da ba ka jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Kada ka kawo masa ƙara in mutumin hawa na uku ya fara shigo maka shago ba kwafi ba komai, sai hira.

Haka nan ba shi da hannu in Hajiya Shugaba ta buɗe ajin rubutu na Asabar ɗin farkon kowane wata, ta sa yayarka ta riƙa hawo mota awa biyar tana koyarwa, sunanta a rubuce a ƙofar aji da hannunta. In ka tsinci kanka a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa, tsakanin wata 'yar shekara takwas da direban tasi, matsalarka ce. 'Yar shekara takwas ɗin ta kai jim. Ni ina alif tun watan jiya.

Asabar da ta wuce na kai wa Yaya shafi uku cike da alif. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro a hannu, har ta kai tsakiyar shafi na uku. A nan ta zagaye guda ɗaya.

"Wannan kam, Baba ba zai yaga shi ba."

Na ce, "Sauran fa, Yaya?"

Ta ce in je in kwaso kujeru, iyaye sun fara zuwa.